Jarkar Fetur ta Gidan Burodi

Ana cikin fitar da gashi na biyu daga murhu aka fara jin gurnanin katafila daga bakin gada. Gwaggo, mai gidan burodin, tana zaune a kujerarta ta roba tana ƙulle bakin leda. Ta dakata, ta kasa kunne, sannan ta ci gaba da aikinta da sauri fiye da dā.

"Yaya, ka ji abin da nake ji?" ta tambayi wanta, wanda kowa a layin yake kira Kawu, yana zaune a benci bakin ƙofa.

Kawu ya juyo mata da kunnensa mai ji. "Shayi? Na sha, amma in akwai ragowa ba zan ƙi ba."

Mata biyun da ke taya ta zuba burodi a leda suka kwashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba.

Gidan burodin yana layin da ke bayan kasuwar bakin gada. Kogi ne ya raba birnin biyu, amma a dā ba wanda ya damu da wane ɓangare kake kwana. Sai da aka yi tarzomar nan, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. A layin ɗibar ruwa ta fara, lokacin da famfo ya ƙafe, masu tanka suka ninka kuɗin jarka. Da safe faɗa ne tsakanin mai sayar da ruwa da mai saye. Kafin la'asar magana ta koma wa kakan wane ne ya fara zama a garin, kakan wane ne ya zo daga baya. Mijin Gwaggo ya fita karɓo fulawa a ranar, sai gawarsa aka kawo. An ƙone gidan burodin. An maka wa Kawu ƙarfe a ka, kunne ɗaya ya mutu, hannunsa ya kama rawa, ya ajiye tuƙin babbar mota da ya ci abinci da shi tun yana saurayi. Da ƙura ta lafa, maƙwabta suka kwashi kaya, waɗannan suka haye gada, waɗancan suka hayo, kowa ya koma cikin nasa. Tun daga nan ake cewa "mutanen ƙetare".

Mai Murhu yana cikin waɗanda suka haye. A wannan layin aka haife shi, katanga ɗaya ce tsakanin gidan iyayensa da na Gwaggo, kuma a hannun mijinta ya koyi gashi. Da ta sake ɗaga gidan burodin, shi ne ya fara zuwa ya ce ga shi. Kullum da sassafe yake hayo gada a kan kekensa, ya koma da yamma. Yanzu furfura ta cinye masa gemu, ƙurar fulawa kuma ta bar masa tarin da ba ya jin magani.

Ya leƙo daga ɗakin gashi, fuska duk zufa. "Gwaggo, rusau ne. Jiya na ga sun shafa wa rumfunan jan fenti."

"Ba sun ce sai an ba mutane wani wuri ba?"

"Haka suka ce."

Ya koma ciki.

Rana ta fara zafi lokacin da motar raba burodi ta shigo layin a guje, ta tsaya a karkace. Auta ne ya fito, ɗan Gwaggo tilo, wanda take ɗauke da cikinsa ranar da aka kashe ubansa. Ya yi karatu har ya karɓi takarda, ya yi yawon neman aiki har takalmi ya cinye, ƙarshe ya kama sitiyarin motar uwarsa. Gaban rigarsa jina-jina.

Gwaggo ta miƙe, ledar da ke cinyarta ta zube. "Innalillahi! Ina aka same ka?"

"Ba nawa ba ne, Inna." Muryarsa ta dushe. "Na Mai Lemo ne."

Mai Lemo abokinsa ne tun makarantar firamare. Shi ma da takardarsa, shi ma rumfar 'ya'yan itace ya ƙare da ita a bakin gada.

"Ya roƙi masu rusau su bari ya kwashe kayansa. Suka ce lokaci ya wuce. Ya shiga da gudu zai ɗauko ko da sikeli ne, mai katafila bai tsaya ba. Rufin ya danne shi. Mu muka ɗaga kwanon da hannu, na sa shi a mota. 'Yan sanda sun tare titin asibiti, suka ce in zagaya. Inna, ina zagayawa yana kiran sunan matarsa. Kafin in kai ya yi shiru."

Matan nan biyu suka ɗora hannu a ka. Ɗaya ta fara kuka.

"Kullum sai ya yanki tikitin hukuma," in ji Auta. "Kullum! Ko bai yi ciniki ba sai ya biya. Su suka karɓa, su suka turo katafila."

"Zo ka zauna. Cire rigar nan."

"Ba zan cire ba."

Daga wajen kasuwa aka ji ihu ya tashi gaba ɗaya, kamar an zura ƙwallo a fili, sai ƙarar gilashi. Kawu bai ji ba, amma ya ga mutane suna gudu a bakin layi, hannunsa ya fara kaɗawa a kan gwiwa. Ya danne shi da ɗayan.

Gwaggo ta sallami matan, ta ba kowacce burodi ta ce su bi ta lungu. Ta ja ƙofar ƙarfe ta sa sakata. Wayar Auta sai ƙara take, saƙo na bin saƙo. Yana karantawa, jijiyar wuyansa tana tashi.

"An ce mai katafilar ɗan ƙetare ne. An ce wanda ya sayi filin kasuwar ma ɗan ƙetare ne, kanti zai gina."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa ɗin nan na san shi," in ji Gwaggo. "Shi ya kashe ubanka. Wanda ya sa hannu a rusau ɗin nan ba ya kwana a nan, ba ya kwana a ƙetare. Yana can unguwar da ba a ɗauke wuta. Mai katafila ɗan aike ne, kamar yadda nake aikenka."

"To sai mu yi shiru? A binne shi kamar kaza?"

"Ban ce a yi shiru ba. Na ce ka zauna yau."

Mai Murhu ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya kalli rigar Auta, ya sunkuyar da kai. "Allah ya ji ƙansa. Yaron kirki. Ko shekaranjiya ya ba ni lemo in kai wa yara."

Auta ya kawar da kai. Wannan mutumin ne ya koya masa hawa keke a cikin wannan tsakar gidan, shi yake kira Baba tun yana rarrafe. Yau ya kasa haɗa ido da shi.

Ya nufi ƙofa. Gwaggo ta riga shi, ta kama hannun rigarsa da hannu biyu.

"Don girman Allah, Auta. Ɗaya ya fita ta ƙofar nan haka, ban sake ganinsa a tsaye ba."

"Inna, sake ni."

"Ba zan sake ba."

Bai ture ta ba. Ya ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya a hankali, ya zare sakata, ya fice. Ta tsaya da hannunta a buɗe, jinin Mai Lemo a tafinta.

Kawu ne ya tashi ya mayar da sakatar. Sannan ya nuna Mai Murhu da haɓa. "Wannan fa? Ta ina zai bi?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Mai Murhu ya ciro wayarsa ya kira matarsa. Yana saurare, fuskarsa tana canzawa. Ya kashe.

"Ta ce kada in kuskura in doshi gada. Samarin can ma sun taru a bakinta da sanduna. Wai an gaya musu ana yanka 'yan ƙetare a kasuwa."

"Ana yi?"

"Ni da ke muna nan, Gwaggo. Ina na sani?" Ya kalli ɗakin gashi. "Akwai gashi na uku a ciki, zai ƙone."

"Ya ƙone. Shiga sito."

Siton fulawa ɗaki ne mara taga a ƙarshen tsakar gida, kusa da rumfar janareta. Suka ja buhuna ita da Kawu, suka bar rami tsakanin buhunan da bango, Mai Murhu ya durƙusa a ciki, suka jera wasu a gabansa. Ƙurar da ta tashi ta shaƙe shi nan take. Ya yi ta tari har idonsa ya yi ja.

Gwaggo ta jiƙa tsumma ta miƙa masa. "Ka toshe bakinka da wannan. Ko za ka mutu, ka mutu shiru."

"Haka matata ke cewa in ina minshari," ya ce, ya yi ƙoƙarin murmushi.

Ta rufe ƙofar, ba ta sa kwaɗo ba, don kwaɗo a sito da rana tsaka tambaya ce.

Suka zauna ita da Kawu a tsakar gida. Warin burodi mai ƙuna ya cika wurin, daga waje kuma warin taya. Ihun yana matsowa, ya yi nisa, ya sake matsowa. An ji ana dukan ƙofar mai kemis da ke bakin layi, shi ma ɗan ƙetare ne, amma ya rufe tun da safe ya gudu. An ji kwalabe suna fashewa. Gwaggo tana ta motsa baki, ba ta ma san wace addu'a take yi ba.

Sai aka buga tata ƙofar, da ƙarfe.

"Gwaggo! Buɗe!"

Ta gane muryar. Janar ne, ɗan kamasho a tashar mota. Ta san shi tun yana yawo ba wando, uwarsa takan aiko shi karɓar burodin da ya kwana.

"In ba ki buɗe ba za mu ɓalle!"

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta zare sakata. Suka danno ciki, samari da yawa har tsakar gidan ta yi musu kaɗan, wasu da gora, wasu da rodi, wani da ƙafar tebur. Idanunsu jawur da hayaƙi. Da yawa ta san iyayensu. Auta yana can baya, kusa da ƙofa.

"Sannunku," ta ce. "In yunwa ce, ga burodi nan a tire, ku ɗiba."

Wasu suka kai hannu. Janar bai kalli burodin ba.

"Ina ɗan ƙetaren nan naki?"

"Bai zo ba yau."

"Bai zo ba." Janar ya ɗaga rodinsa ya nuna jikin bango. "Wannan keken na waye?"

Gwaggo ta waiwaya. Keken yana jingine inda yake jingine kullum, har ta daina ganinsa.

"Nasa ne. Jiya taya ta yi faci, ya bar shi ya hau mota."

Janar ya taka, ya matsa tayar gaba da babban yatsa, sannan ta baya. Duk biyun tsam suke. Ya juyo yana murmushi.

"To wa ya yi gashin yau? Ke?"

"Ni. Ba ka jin ƙauri? Da shi ne, ai ba zai ƙone ba."

Wani a cikinsu ya yi dariya, ya haɗiye ta da Janar ya waiwaya.

"Auta! Zo nan. Abokinka aka kashe, jininsa ne a jikinka. Gaya mana gaskiya, mutumin yana nan?"

Auta ya matso. Bai kalli uwarsa ba.

"Bai zo ba," ya ce. "Da safe ni na loda mota da kaina."

A daidai nan tari ya kufce daga sito. Guda ɗaya, a toshe, amma an ji. Kawuna suka juya.

Kawu ya dafe ƙirji ya ɓarke da tari, irin mai fitowa daga ƙasan ciki, ya duƙa yana kaki yana tofarwa kusa da ƙafar Janar. "Hayaƙin nan naku zai kashe ni," ya ce da ƙarfi irin na kurma. "Wa ya ce ku ƙona taya? Taya kuɗi ce!"

Janar ya janye ƙafarsa. Amma idonsa yana kan ƙofar sito. Ya fara takawa wajenta, yana jan rodin a ƙasa.

"Janar, mai fa?" wani ya kira daga ƙofa. "Mun ce mai za mu nema. Ofishin tikiti ya ƙi kamawa."

Gwaggo ba ta tsaya tunani ba. Bakinta ne ya riga ta.

"Ga fetur can."

Janar ya tsaya.

"A rumfar janareta. Jarka cike, jiya aka sayo. Ku ɗauka ku fita mini daga gida."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar sito, ya dubi samarin da tuni suka yi kan rumfar suna ihu. Suka fito da jarkar, ruwan ɗorawa, da tambarin gidan burodin da Auta ya zana a jikinta da fenti don kada a musanya a gidan mai. Hankalin taron duk ya koma kanta. Janar ya ga in ya tsaya zai tsaya shi kaɗai.

"Auta ne zai ɗauka," ya ce. "Mai gida shi ke ɗaukar kayansa."

"A'a!" in ji Gwaggo. "Wani ya ɗauka."

"Me ya sa? Ko ba ya tare da mu ne?"

Auta ya sunkuya ya ɗaga jarkar ya saɓa a kafaɗa. Suka fice da shi a tsakiya. Na ƙarshensu ya tura keken Mai Murhu ya tafi da shi.

Gwaggo ta mayar da sakata. Ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin ƙofa.

Ba a daɗe ba aka ji wani irin "fuuu", sai sowa. Hayaƙi baƙi ya turnuƙe sama ta gefen kasuwa. Ofishin tikitin ɗaki ɗaya ne a ƙarshen dogon jerin shaguna masu rufi ɗaya da silin ɗaya. Gwaggo ta san haka. Kowa ya san haka. Iska tana kaɗawa daga kogi, wutar ta bi silin ta shiga shagon mai gyaran waya, ta wuce na mai katifa, daga nan ba wanda ya isa ya tsaya kusa. Sowar ta koma salati. Waɗanda suka kunna ta da kansu suka koma neman bokiti, famfon layin kuwa rabonsa da ruwa tun farkon mako. Motar kashe gobara ta zo bakin titi, aka jefe ta, ta juya.

Ta katangar hagu Gwaggo ta ji maƙwabciyarta, Mai Ɗinki, ta fita tana kururuwa. Shagonta yana tsakiyar jerin. Kekunan ɗinkinta duka suna ciki, da kayan mutane har rufi.

Sojoji sun iso da la'asar. Aka yi harbi, da farko sama, daga baya ba sama ba. Mota ta zagaya da lasifika tana cewa kowa ya shiga gida, an hana fita. Auta bai dawo ba. Wayarsa tana shiga, ba a ɗauka, can ta daina shiga.

Washegari wata yarinyar maƙwabta ta miƙo wa Gwaggo waya ta saman katanga. Bidiyo ne yake yawo. Ga Auta nan da jarka a kafaɗa, fuskarsa tar, tambarin gidan burodi tar. Ba a ga wanda ya ƙyasta ashana ba. An kama shi tare da wasu da dama. Janar ba ya cikinsu.

"Yana da rai," in ji Kawu. "Ki riƙe wannan tukuna."

Mai Murhu ya yi kwanaki a sito. Yana fitowa ya sha iska a rumfar janareta, in an ji motsi ya koma. Gwaggo ta gaya masa yadda aka yi.

"Da kin bari sun buɗe siton," ya ce.

"Rufe mini baki."

"Shaguna nawa, Gwaggo? Ga yaro a hannu. Ni tsoho ne."

"Na ce ka rufe mini baki. Ban tambaye ka lissafi ba."

Ranar da aka sassauta dokar aka ce masu kayan abinci za su iya zirga-zirga da rana, suka yi gashi kaɗan su uku, suka loda mota. Mai Murhu ya kwanta a ƙasa bayan tirori. Sai aka tsaya ana kallon kujerar direba. Kawu ya miƙa hannu a ba shi makulli.

"Yaya, hannunka."

"Hannun ne ke rawa, ba idon ba."

Motar ta mutu sau biyu kafin su fita layi. Suka bi ta gaban jerin shagunan, bango baƙi, kwano a lanƙwashe, mutane suna tona toka da sanda. Samari suna zaune a bakin titi suna bin motar da ido. Ɗaya ya ɗaga hannu, Gwaggo ta zaci tare su zai yi, ashe burodi yake so. Ta miƙa masa ta taga ba tare da Kawu ya tsaya ba.

A bakin gada soja ya buɗe bayan motar, ya ga mutum kwance, ya ɗaga bindiga. Gwaggo ta sauko tana rantsuwa tana bayani. Sojan ya saurara, ya dubi furfurar Mai Murhu da fulawar da ta manne a gashinsa, ya ɗauki burodi biyu ya ce mota ba za ta haye ba, amma mutum zai iya takawa.

Mai Murhu ya sauko. Daga can ƙarshen gadar wata mace ta fito daga bayan shingen tana ɗaga hannu. Ya juyo zai yi magana, tari ya sarƙe shi.

"Tafi," in ji Gwaggo. "Tana jiranka."

Ta tsaya har ya kai, sannan ta shiga mota.

Bai dawo aiki ba. Ya kira ya ce 'ya'yansa sun ɓoye masa takalma, sun ce in ya sake hawa gadar nan ba su yafe ba. Ta ce suna da gaskiya. Shagunan ƙetare da take kai wa burodi suka samu wani. Ta sallami ɗaya daga cikin matan, ta koma gashi ɗaya a rana, ita da wani sabon ma'aikaci da har yanzu bai san zafin murhun ba. Filin da aka rushe an kewaye shi da kwano, ciyawa ta fito a ciki, ba a aza ko bulo ɗaya ba. Hukuma ta kafa kwamiti. Matar Mai Lemo ta koma gidan iyayenta da goyo.

Duk mako Gwaggo tana zuwa gidan yari. Ana ta ɗage shari'ar. Auta ya rame, yana jan ƙafa ɗaya, ya ƙi faɗin abin da ya same ta. Lauya ya ce in za ta tsaya gaban alƙali ta ce tilasta masa aka yi, ta kira sunan wanda ya tilasta, ta faɗi dalili, zai taimaka. Auta ya ce kada ta soma.

"Janar yana waje, Inna. Ke da Kawu kuna kwana a layin."

"To in bar ka a nan?"

"Ki bari tukuna."

Har yanzu ba ta yanke shawara ba.

Wata safiya, tana share gaban shago, sai ga Mai Ɗinki ta fito daga gidanta, ɗan dako yana biye da ita da tsohon keken ɗinki a ka. Tun ranar gobarar ba su yi magana ba. In sun haɗu a lungu, kowacce takan sami abin kallo a ƙasa.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Aron keke na samu wajen ƙanwata. Ba ni da inda zan ajiye, cikin gida ba mai ganina. Na ce ko barandarki."

"Ki ajiye. Ki ajiye duk inda kike so."

Ɗan dakon ya sauke, ya tafi. Mai Ɗinki ta tsaya tana goge kan keken da gefen mayafinta.

"Na ga bidiyon," ta ce. "Na san jarkar."

Tsintsiyar ta tsaya a hannun Gwaggo. "Ni na ba su. Ba Auta ba. Ni na nuna musu inda take."

"Na sani. Ina jin ku ta katanga. Na ji tarin ma, na farkon, ba na Kawu ba." Ta rage murya. "Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba."

Gwaggo ta buɗe baki, Mai Ɗinki ta ɗaga hannu.

"Tsaya in gama. Da ni ce a tsaye a wurin, ban san me zan yi ba. Wataƙila abin da kika yi. Amma shekara da shekaru na yi ina tara kekunan nan, ɗaya bayan ɗaya. Masu kaya suna zuwa ƙofata kullum, wasu da kuka, wasu da zagi. 'Yata ta bar makaranta. Don haka kada ki nemi in ce miki ba komai. Akwai komai."

"Ban nema ba."

"To."

Kawu, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya taso daga bencinsa ya ja shi gefe don a sami wuri, ya kama ƙafar keken yana tambaya ko a nan ko a can.

"Can, inda rana ba ta kaiwa," in ji Mai Ɗinki da ƙarfi, a kunnensa mai ji.

Gwaggo ta shiga ciki ta ɗauko kujerarta ta roba ta ajiye mata a gaban keken. Mai Ɗinki ta zauna, ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura wajen haske. Gwaggo ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara daga inda ta tsaya.